Malam Edita, ba da mudu ɗaya aka auna wa Laver da Djokovic ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan jaridar nan tamu, don Allah ka ɗan sam min fili in tofa albarkacin bakina kan sharhin da ya fito a shafinku na wasanni kwanakin baya, inda malamin da ya rubuta ya ce wai gardama ta ƙare, Novak Djokovic shi ne gwanin gwanaye a duk tarihin tanis na maza tunda yana da manyan kofuna 24, wato na manyan gasanni huɗu na shekara (Ostireliya, Faransa, Wimbledon ta Ingila da Amurka), Nadal 22, Federer 20, saura kuma kowa ya bi layi. Da farko dai na ji daɗi da har aka tuna da tanis, don mu masoya wasan nan marayu ne a ƙasar nan, kullum ka buɗe shafin daga Arsenal sai Madrid sai wane ya koma Saudiyya. To amma yadda aka yanke hukuncin ne ya ɗan tsaya min a wuya.

Ni ba wani masani ba ne. Ina yaro na fara da tsintar ƙwallo a wani kulob a nan Kaduna, a ba mu ɗan abin sayen gyaɗa, in manya sun tashi mu ɗauki raket ɗin da aka jefar mu yi ta bugawa har magariba ta kore mu. Yanzu gashi ya yi fari, ranar Asabar da Lahadi nake ɗan koya wa yara. Iya takarduna ke nan. Amma na riƙe raket na katako na kuma riƙe na zamani, saboda haka ina ganin ina da ɗan abin faɗa.

Kada ma a ɗauka hassada nake wa Djokovic ɗan Sabiyan nan. Abin da ya yi ba ƙarya a ciki: kofin Ostireliya 10, Wimbledon 7, na Amurka 4, na Faransa 3, sati 428 yana lamba ɗaya a duniya, ga zinaren Olamfik da ya karɓe a hannun Alcaraz a Faris a 2024 yana ɗan shekara 37. Ya haɗu da Nadal sau 60 ya ci 31, ya haɗu da Federer sau 50 ya ci 27. Kuma in faɗa maka gaskiya ni mutumin Federer ne, fainal ɗin Wimbledon na 2019 har yau ban warke ba, Federer na da maki biyu na kammala wasa kuma sabis, wato bugun fara wasa, a hannunsa, Djokovic ya ƙwace abin kamar wasa, ranar ko tuwon dare ban iya ci ba, mai ɗakina tana ta tambaya wai ko rasuwa aka yi. Saboda haka in ana maganar su ukun nan ne kawai, na sallama, Djokovic ne gaba.

Inda muka raba hanya da mai sharhinku shi ne da ya ce a duk tarihi. Malam Edita, mudun da ake awo da shi yau ba shi ne na jiya ba. Wannan ƙirgen manyan kofuna da muka mayar kamar farilla, bai zama abin da kowa ke bi ido rufe ba sai lokacin da Pete Sampras ya tasa rikod ɗin Roy Emerson na kofi 12 a gaba har ya wuce shi a Wimbledon a 2000. Mutanen da suka gabace shi ba don wannan lissafin suke buga wasa ba, wasu ma ƙofar aka rufe musu.

Ɗauki Rod Laver, ɗan Ostireliya, bahago, ɗan guntun mutum da bai kai kafaɗar wasu 'yan wasan yanzu ba. A 1962 ya cinye manyan gasanni huɗun nan duka a shekara ɗaya. A wancan zamanin doka ita ce waɗannan gasanni na masu wasa don sha'awa ne, da zarar ka sa hannu a kwantiragi ka fara karɓar kuɗi a bayyane to kai da Wimbledon sai dai kallo. Shi kuma Laver ba ɗan mai kuɗi ba ne, sai ya koma wasan kuɗi, daga 1963 har 1967 shekara biyar cur bai taka ko ɗaya daga cikin gasannin ba, kuma shekarun da ƙarfinsa ya kai ke nan, daga yana 24 zuwa 29, suna ta yawo gari-gari shi da su Ken Rosewall da Lew Hoad da Pancho Gonzales suna bugawa a ɗakunan taro yau nan gobe can. Da aka buɗe ƙofa ga kowa a 1968 ya dawo ya ɗauki Wimbledon, a 1969 kuma ya sake haɗa huɗun a shekara ɗaya, wannan karon kowa da kowa na ciki babu wanda aka hana. Daga ranar zuwa yau babu namijin da ya sake yi. Djokovic ya zo bakin ƙofa a 2021, ya ci uku, a fainal ɗin Amurka Medvedev ya tare shi. To mutumin da ya yi wannan sau biyu, a takarda kofinsa 11 ne kacal.

Ga abin da ke ba ni dariya. A shekaru biyar ɗin da Laver ba ya nan, ɗan ƙasarsu Emerson wanda bai koma wasan kuɗi ba ya kwashi kofi 10, ya haɗa da biyun da ya ci a 1961 suka zama 12. In da ƙirge ne kaɗai hujja ai sai mu ce Emerson ya fi Laver, kuma duk wanda ya san tanis ka faɗa masa haka sai ya duba ko lafiyarka ƙalau. Pancho Gonzales ma da ya shafe wajen shekara goma yana dukan duk wanda aka kawo masa a wasan kuɗi, manyan kofunansa 2 ne, na Amurka a 1948 da 1949. A lissafin mai sharhinku ko a sahun baya ba zai samu wurin zama ba.

Amma fa kada in zama mai son kai. Laver ɗin ma ya ci moriyar wannan doka, don a 1962 manyan giwayen suna can a wasan kuɗi, kuma da ya je ya same su a farkon 1963 Hoad da Rosewall sun yi ta lallasa shi kafin ya gane kan abin. Sannan a zamaninsa uku daga cikin gasanni huɗun a kan ciyawa ake buga su, Faransa ce kaɗai a jar ƙasa. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa da an bar shi da ya ci 25 ko 30, wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da nake cewa kawai 11 ɗinsa da 24 ɗin Djokovic ba kaya iri ɗaya ba ne.

Sai Bjorn Borg, wanda shi ne gwanin ƙuruciyata, a kaset ɗin bidiyo na wani memba a kulob na fara ganin fainal ɗinsa da McEnroe na 1980, wanda aka yi tai-birek, wato bugun raba gardama, 18 da 16 a set (zagaye) na huɗu McEnroe ya ci, kowa ya ce shi ke nan zuciyar Borg ta karye, mutumin ko gira bai ɗaga ba ya zo ya cinye na biyar 8 da 6. Mun kalli kaset ɗin nan har ya fara cin kansa. Borg sau ɗaya tak ya je gasar Ostireliya, a 1974 yana ɗan saurayi, bai sake komawa ba. Ba shi kaɗai ba, Connors sau biyu ya je, Agassi ma da ya zo daga baya sai 1995 ya fara zuwa. Dalili, tafiyar da nisa, kuɗin kaɗan, kuma na wasu shekaru a watan Disamba ake yi daidai lokacin da Turawa ke son zama gida bikin Kirsimeti. Wato Borg kasuwa uku yake ci a shekara, 'yan yanzu suna cin huɗu. Duk da haka ya tara 11, Faransa 6, Wimbledon 5 a jere daga 1976 zuwa 1980, kuma duk ya gama wannan yana ɗan shekara 25. Don gwaji kawai, cire kofunan Ostireliya daga lissafin kowa ka gani: Djokovic ya koma 14, Federer 14, Nadal 20. Har yanzu sun fi shi, amma tazarar ba irin wadda ake kururutawa ba ce, ballantana su sun buga har kusan shekara 40.

Wani abin na Borg da ba a cika faɗa ba, shekara uku a jere, 1978 da 1979 da 1980, ya ci Faransa ya tsallaka Ingila bayan sati biyu ya ci Wimbledon. A lokacin jar ƙasar Faris da ciyawar Landan kamar wasa biyu ne daban, can ƙwallo na tashi sama a hankali a yi ta musayar bugu har mai kallo ya yi hamma, nan kuma santsi take yi a ƙasa ko tashi ba ta yi, bugu biyu uku an gama. Nadal ya haɗa su sau biyu, Federer sau ɗaya, Djokovic sau ɗaya. Laifin Borg dai ɗaya ne kuma ba zan kare shi ba, shi ya ajiye raket da kansa yana 26, ga kofin Amurka da ya gagare shi, fainal huɗu ya je, biyu Connors ya hana shi biyu McEnroe. Wanda ya bar gona da wuri ba zai zo yana kukan rumbun wani ya fi nasa cika ba.

Tunda na ambaci Connors, ga wani misalin. A 1974 ya ci Ostireliya da Wimbledon da Amurka, ita kuwa Faransa hana shi shiga aka yi saboda ya sa hannu da wata gasar ƙungiyoyi ta Amurka. Kuma shi ne ya ci kofin Amurka a kan fili iri uku, ciyawa a 1974, ƙasa a 1976, daɓe a 1978, don gasar kanta sau biyu tana canza fili a 'yan shekarun nan. Sunan kofin ɗaya, amma abin da aka yi aka same shi daban-daban.

Yanzu bari in zo inda na fi sani, wato kayan aiki. Raket ɗin katako da na fara da shi, wani memba ne ya ba ni bayan ya tsage a gefe, kansa ɗan ƙarami ne ga nauyi kamar taɓarya, in damina ta zo sai ka ɗaure shi a cikin wani katakon matsi mai kusoshi huɗu in ba haka ba ya lanƙwashe. Wurin da ƙwallo ke zama daidai a jikinsa bai fi tafin hannun yaro ba, ka kuskure kaɗan za ka ji zafin har gwiwar hannu ƙwallon kuma ta tafi inda ta ga dama. Na yanzu faɗin kansa ya ƙaru da kusan rabi, ga shi ba nauyi, ko da gefe ka taɓa sai ta wuce raga. Sai kuma igiyar roba mai tauri da Gustavo Kuerten ɗan Barazil ya zo da ita Faris a 1997, yana lamba 66 a duniya ba wanda ya san shi ya ɗauke kofin. Wannan igiyar ita ta ba 'yan wasa damar su buga da iya ƙarfinsu ƙwallon ta yi ta juyawa ta faɗo cikin fili, ita ce ta kashe kasuwar masu yin sabis su ruga raga, don kafin ka isa ragar an jefo maka ita a ƙafa. Irin bugun da Nadal ke yi yana wulwula raket ta saman kai, wallahi da katako ba zai yiwu ba, ba wai don bai iya ba, kayan ne ba za su ɗauka ba. Haka shi ma McEnroe da laushin hannunsa a gaban raga, in ka kawo shi yau sai ya sake salo ko ya sha wuya.

Filayen ma an canza su. Ostireliya ta bar ciyawa ta koma daɓe a 1988. Wimbledon ta sauya irin ciyawar da take shukawa a 2001, ƙasar ta ƙara tauri ƙwallo ta fara tashi. Wanda ke shakka ya nemo hoton filin Wimbledon ranar fainal a zamanin su Borg ko Becker ya ajiye kusa da na bana. A tsohon za ka ga ciyawa ta mutu tun daga layin baya ta bi tsakiya har gaban raga kamar turbar shanu, a sabon kuwa layin baya ne kaɗai ya koɗe, gaban raga kore shar kamar ba a taɓa takawa ba. Shi ya sa nake tausaya wa Sampras in ana masa gorin bai ci Faransa ba. Gaskiya ne iyakarsa a can wasan kusa da na ƙarshe a 1996, amma a zamaninsa akwai mutanen da jar ƙasa ce kaɗai abincinsu, irin su Muster da Bruguera, ga kuma masu sabis kamar harsashi irin su Ivanisevic suna jiran ka a ciyawa, kuma a lokacin gwanaye 16 kaɗai ake warewa a jadawali don kada su haɗu da juna da wuri, sai a 2001 aka mai da su 32, wato kana iya cin karo da mugun abokin karawa tun ranar farko. A haka ya ci 14, ya kuma rufe shekara shida a jere yana lamba ɗaya, 1993 zuwa 1998, wanda a jere ɗin nan ko Djokovic bai yi ba.

Yarana na Asabar in na fara irin wannan zance sai su ce Baba kai dai kana son mutanen da ne kawai. Suna da tasu hujjar kuma mai ƙarfi ce. Djokovic da Nadal da Federer a zamani ɗaya suka taso, kofi 66 suka raba a tsakaninsu kowa na cire wa ɗan'uwansa loma daga baki, da babu Nadal Allah kaɗai ya san kofin Faransa nawa Federer zai ci tunda fainal huɗu ya sha kashi a hannunsa a can. Fainal ɗin Ostireliya na 2012 awa 5 da minti 53 Djokovic da Nadal suka yi suna gudu daga kusurwa zuwa kusurwa, har sai da aka kawo musu kujeru wajen ba da kofi don ƙafa ta ƙi ɗaukar su. Na yarda. Sai dai nakan tuna musu cewa Gonzales yana ɗan shekara 41 ya buga gem (ƙananan zagaye) 112 da Pasarell a Wimbledon a 1969 lokacin babu tai-birek, kuma shi ya ci. Sannan in ce su duba kuɗi: fam 2,000 aka ba Laver da ya ci Wimbledon a 1968, Sinner da ya ci a 2025 fam miliyan 3 ya tafi da shi. Kuɗin nan su ke ɗaukar koci da likita da mai tausa da mai kula da abinci su bi ka duk inda za ka, shi ya sa ɗan shekara 36 zai ci manyan kofuna uku a shekara ɗaya kamar yadda Djokovic ya yi a 2023.

Nadal kam a jar ƙasa ba na ma sa shi a gardama. Wasa 116 a Faris ya ci 112, kofi 14. Nan ko da wane mudu ka zo, kai ko da tiya ce, shi ne.

Akwai kuma wanda ƙirge ba zai taɓa nuna girmansa ba, Arthur Ashe, kofinsa 3 ne kawai, amma shi ne baƙar fata namiji da ya ci Wimbledon, a 1975 ya doke Connors da dabara lokacin kowa ya gama cewa ba shi da ta cewa. Shi ne ya ga Yannick Noah yana ɗan shekara 11 a Yawunde a 1971 ya sa aka kai shi Faransa, yaron da ya zo ya ci kofin Faris a 1983. Kuma ya taka ƙasar nan, yana Legas wajen gasa a Fabrairun 1976 aka kashe Janar Murtala, Allah ya ji ƙansa, bayan 'yan kwanaki yana tsakiyar wasa sojoji suka shigo fili da bindiga suka fitar da shi. Manyanmu a kulob sun daɗe suna ba da wannan labari.

Sau ɗaya ne na ga zamani biyu sun yi ido da ido da gaske, Wimbledon 2001, Federer ɗan 19 da Sampras ɗan 29, set biyar, yaron ya ci na ƙarshe 7 da 5, ba su sake haɗuwa a gasa ba. Ko wannan ɗin me ya nuna? Ɗaya bai gama nuna ba, ɗaya ya fara gangara. Ni dai in an matsa min, zan ce daga 1988 zuwa yau, lokacin da gasanni huɗun suka zama kusan kowa na zuwa, Djokovic ne, ko da zuciyata ba ta so. Kafin nan kuwa a bar wa Laver zamaninsa, a bar wa Borg nasa. Da mai sharhinku ya ce gwanin wannan zamani da ko alƙalami ban ɗauka ba.

Raket ɗin katakon nan yana nan a ɗakina har yau cikin matsinsa, igiyar ma ba ta tsinke ba. Malam Edita ka isar min da saƙo gare shi, duk Asabar ɗin da ya shigo Kaduna ya zo da takalminsa, akwai wani yaro ɗan shekara 15 a cikin yarana da sabis ɗinsa ya fara nauyi, zan ba malamin katakon ya tare masa guda goma. In ya mai da uku cikin fili, shayi da burodi da ƙwai a wuyana.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani tsohon mai tsintar ƙwallo,
daga Kaduna.